Haɗa tsohuwar fulota da kwamfutar ofis: littafin aiki

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Fulotar, wato injin da ke zana taswira da alƙalami, ta iso ofishinmu na Ƙofar Marusa yau da hantsi a bayan Keke Napep, naɗe cikin tsohon bargo. HP 7475A ce, mai alƙaluma 6 a kan wani faifai mai juyawa, tana cin takardar A4 da A3. Maigidana na farko a sana'ar zane, wanda dukanmu muke kira Baba, shi ya aiko mini da ita. Tun da ya yi ritaya take saman sif ɗinsa, ya ce gara ta mutu a bakin aiki da a ce ƙura ce ta kashe ta.

Abin da nake so bai da yawa. In zauna a babbar kwamfutar da muke aikin taswirar filaye, in tura zane, alƙalami ya sauka a takarda ya fitar da shi. Kwamfutar Dell Precision ce ta gwanjo, Ubuntu ke kanta, kuma a bayanta akwai kafar siriyal mai allura 9, wadda ake tura saƙo zuwa wata na'ura ta cikinta, irin wadda sababbin kwamfutoci suka daina zuwa da ita. Ita kuma fulotar kafarta mai rami 25 ce, ta RS-232-C. Wannan ya kwantar mini da hankali, don akwai 'yar uwarta da ke zuwa da kafar HP-IB, wadda sai an nemo kati na musamman kafin a iya magana da ita.

Ga wanda bai taɓa ganin irinta ba, ba firinta ba ce. Firinta ɗigo-ɗigo take fesawa, sahu bayan sahu. Wannan kuwa alƙalami take riƙewa ta ja layi. Alƙalamin yana zirga-zirga hagu da dama a kan sanda, takarda kuma tana kai da komo tsakanin wasu ƙananan tayoyi masu kaushin yashi da wasu na roba da ke danne ta daga sama. Haɗuwar motsin nan biyu ke ba da kowane layi, har da da'ira. Hewlett-Packard ya fito da samfurin a 1983, wato ya girmi jihar Katsina da shekara 4.

Ban saka ta a wuta ba tukuna. Tambarin bayanta ya ce bolt 120, tamu kuwa 230 ce. Sai an samo sitef-dawun, na'urar rage ƙarfin wuta.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Sitef-dawun ya samu. Kafin batun haɗi, na fi son kowane ɓangare ya nuna lafiyarsa shi kaɗai, don in abu ya ƙi daga baya in san inda zan sa ido.

Fulotar tana da zanen gwaji a cikinta. Ka danne maɓallin P1 da P2 tare, ka kunna ta kana riƙe da su, sai ta hau zane ba tare da kwamfuta ba. Ta yi. Faifan ya juya da wata ƙara ƙas-ƙas, hannun ya je ya ɗauko alƙalami, takarda ta shiga tsalle gaba da baya. Tawada dai babu ko ɗigo, alƙaluman Baba sun bushe ƙamas, sai sawun bakinsu a takarda idan ka karkata ta wajen taga. Amma motoci da bel lafiya lau. Na ɓalle murfin bayan alƙalami ɗaya na ɗiga masa tawadar alƙalamin ruwa, ya farfaɗo daidai gwargwado.

A ɓangaren kwamfuta, Linux na kiran kafar /dev/ttyS0, kuma ba ya barin kowa ya taɓa ta sai wanda ke cikin rukunin dialout. Na saka sunana, na fita na sake shiga. Sannan na ɗauki guntun waya na haɗa allura ta 2 da ta 3 a bayan kwamfutar, na buɗe kafar da manhajar screen. Duk harafin da na buga sai ya dawo a allo, na zare wayar ya daina. Kafa na da rai.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Neman kebul. Samarin shagunan kwamfuta na cikin gari yawancinsu ba su san kai mai allura 25 ba sai na tsohuwar firinta, shi kuwa wani abu ne daban, kama ce kawai ta zo ɗaya. Daga ƙarshe wani dattijo mai sayar da tarkacen kayan ofis ya zaro mini ɗaya daga ƙasan kwali, mace mai rami 9 a wannan kai, namiji mai allura 25 a wancan. Ya shiga kafofin biyu cif-cif. Na tura umarni, shiru kake ji.

Mitar auna wuta ce ta warware zancen. Ƙa'idar RS-232, wadda ƙungiyar EIA ta Amurka ta fitar tun 1960, ta kuma sabunta ta zuwa mai harafin C a 1969, ta kasa na'urori gida biyu. Akwai masu maganar, irin kwamfuta, su ne DTE. Akwai masu isar da maganar, irin modem, su ne DCE. Hanyar gane wanda ke gabanka ba ta da wuya: layin da na'ura ke aika saƙo da shi, idan ba ta cewa komai, yana zaune ne ƙasa da sifili, wani wuri tsakanin bolt 3 zuwa 15 na debewa. Na ɗora baƙin tsinken mita a rami na 7, wanda shi ne ƙasa, na ɗora ja a rami na 2, sai ga lamba da alamar debewa. Rami na 3 kuwa babu komai. Ke nan fulota tana magana ta 2, tana saurare ta 3, ita ma DTE ce kamar kwamfuta.

Kwamfuta a kafarta mai allura 9 tana magana ta 3, tana saurare ta 2, ƙasarta 5. Kebul ɗin dattijo na modem ne, yana ɗaukar 3 na kwamfuta ya kai 2 na can. Wato ya haɗa baki da baki, kunne da kunne.

A nan mutane da yawa ke rikicewa, don haka bari in rubuta shi ɓaro-ɓaro. Tsakanin kai mai 25 da wani mai 25, kebul mai giciye shi ne wanda 2 ke zuwa 3. Amma tsakanin mai 9 da mai 25 abin ya juye, domin ma'anar lambobin ta riga ta saɓa: kebul ɗin da muke bukata shi ne wanda 2 ke zuwa 2, 3 ke zuwa 3. Wanda ya auna da mita ya ga lambobin sun musanya ya ce ya samu mai giciye, to kishiyarsa ya saya.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Wani abokina safiyo a Daura yana da ɗan adaftar nol-modem, mai musanya layin magana da na saurare, da yake sauke bayanai da shi daga tsohuwar na'urar awonsa. Ya ba direban motar haya, na karɓa a tasha. Da shi layukan biyu suka koma inda ya kamata.

Sai makunnan bayan fulota, ƙanana ne, sai da bakin biro ake tura su. Huɗu daga ciki, B1 zuwa B4, su ke zaɓar saurin magana, kuma 9600 shi ne ƙolinta: B4 da B2 a kan 1, B3 da B1 a kan 0. S1 da S2 na tantance kuskuren bit ne (bit shi ne sifili ko ɗayan da ke tafiya a waya), na bar su a 0. Akwai na zaɓen girman takarda, akwai na awon Amurka ko na mita. Akwai kuma wani mai D da Y, na same shi a kan Y. A wannan yanayi fulota tana ɗauka cewa an dasa ta ne a tsakiyar layin kwamfuta da wani allon aiki, don haka duk abin da ya zo wucewa take bari ya yi, sai an kira ta da umarni na musamman. Ashe shirun ranar Alhamis dalili biyu gare shi. Na mayar da shi D. Kuma a tuna, sau ɗaya take duba makunnan nan, lokacin da aka kunna ta. In ka canza tana kunne, ka yi aikin banza.

A kwamfuta na daidaita kafar haka:

stty -F /dev/ttyS0 9600 cs8 -parenb -cstopb raw -echo clocal

Wato bit 9600 a daƙiƙa, bit 8 a kowane harafi, bit ɗaya na tsayawa, kuma kada Linux ya taɓa ko harafi ɗaya a hanya. Na buɗe taga ɗaya ina sauraren kafar, a ɗaya tagar na tura IN;OI; wanda ke nufin ta koma yanayin farko, sannan ta faɗi ko ita wace ce. Amsa ta fito: 7475A.

Yaron da ya zo mana koyon aiki daga Kwalejin Hassan Usman yana tsaye a bayana. Na ce ya matso ya buga wannan da hannunsa:

IN;SP1;PU1000,1000;PD5000,1000,5000,5000,1000,5000,1000,1000;PU;SP0;

SP1 ta ɗauko alƙalami na ɗaya, PU ta ɗaga shi ta je wurin, PD ta sauke ta bi kusurwoyi huɗu, SP0 ta mayar da shi mazauninsa. Murabba'i ya fito tsaf.

"Oga, wai dama rubutu ne kawai take karantawa?"

Rubutu ne kawai. Harshen sunansa HP-GL, kowane umarni harafi biyu ne da lambobi, mutum zai iya haddace muhimmansu a zama ɗaya. Har gobe injinan yankan sitika da masu talla ke amfani da su suna jin wannan harshe.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Yau aka gwada aikin gaske, taswirar wani rukunin fulotai a bayan gari, mai tituna da lambobi da alamomin duwatsun iyaka. Daga manhajar taswira ta QGIS na fitar da ita a fayil ɗin zane irin SVG, na mayar da ita HP-GL da manhajar vpype, wadda ta san wannan samfurin da sunansa. Na tura fayil ɗin gaba ɗaya da umarnin cat.

Farkon abin gwanin sha'awa. Ta ja firam, ta shiga titi na farko. Can sai alƙalami ya yanko daga wannan kusurwa zuwa waccan a sauke, ya ratsa fulotai, ya tsaya, ya yi wani ɗan ƙugiya da babu shi a zanen, fitilar ERROR ta hau ƙiftawa. Kwamfuta kuwa tuni ta ce ta gama.

Ana iya tambayarta abin da ke damunta. Umarnin ESC.E yana dawo da lambar matsalar sadarwa. Da 15 ta ba ni, da na ce sauri ko tsarin bit ne bai zo ɗaya ba. Sai ta ba ni 16, ma'ajinta ya cika ya tumbatsa.

Lissafin a fili yake. Kowane harafi yana cin bit 10 a kan waya: 8 nasa, ɗaya na farawa, ɗaya na tsayawa. Ke nan a saurin 9600 haruffa 960 ke isa gare ta kowace daƙiƙa. Ma'ajinta kuwa haruffa 1024 yake ɗauka. Daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ya cika. Ita kuma alƙalami take ja da ƙarfe da bel, iyakar gudunta santimita 38 a daƙiƙa, ban da ɗagawa da saukewa da zuwa canjin alƙalami. Duk wanda ya taɓa kai niƙa ya san in ka juye kwanon gero gaba ɗaya a bakin inji, rabi a ƙasa zai ƙare, shi ya sa mai niƙa ke ɗaga maka hannu. Abin da ya zube a nan ƴan lambobi ne daga tsakiyar umarni. In PU ya ɓata a hanya, alƙalami zai tafi a sauke. In 10250 ya rasa lambarsa ta ƙarshe ya koma 1025, zai nufi wani gari daban. Murabba'in ranar Asabar bai nuna wannan ciwo ba saboda bai kai ko haruffa 100 ba.

Fulota tana ɗaga hannun, ba wai ba ta ɗagawa ba. Da ta ga sauran wuri a ma'aji ya yi ƙasa da haruffa 80, sai ta sauke wutar rami na 20, layin DTR, in wuri ya samu ta sake ɗaga ta. Matsalar ita ce inda saƙon ke sauka. Adaftar nol-modem na gama-gari yana kai 20 zuwa allura ta 6 ta kwamfuta, DSR, shi kuwa Linux ba ya dakatawa don wannan layi. Layin da yake girmamawa shi ne CTS, allura ta 8. Shi kuma a wannan adafta an haɗa shi da rami na 4 na fulota, wanda kullum a ɗage yake. Don haka ko na kunna crtscts, zaɓin stty da ke sa kwamfuta ta bi CTS, kwamfuta "ci gaba" kawai take ji.

Na ga masu ba da shawarar a rubuta ɗan shiri da zai riƙa tura haruffa kaɗan yana hutawa. Ban yarda da wannan ba. Tsawon umarni ba shi ne tsawon aikinsa ba: CI3000; haruffa 7 ne amma da'ira ce babba, wani layin kuma mai haruffa 60 ɗan lanƙwasa ne da ba ya kai ƙiftawar ido. Duk hutun da ka zaɓa, ko ya yi kaɗan ta tumbatsa, ko ya yi yawa ka kwana a ofis. Ita ce ta san cikinta, ita ya kamata ta faɗa.

Na wucin gadi na koma hanyar XON da XOFF, inda take aiko harafi mai lamba 19 don a dakata, mai lamba 17 don a ci gaba. Sai an gaya mata da ESC.I81;;17: da ESC.N;19: sannan a kunna ixon, zaɓin stty da ke sa kwamfuta ta bi waɗannan haruffa, kuma a sa shi bayan raw, don raw na kashe shi. Da haka taswirar ta fito har ƙarshe. Sai dai da an kashe ta ta manta, dole a sake gaya mata, kuma ranar da wani ya tura zane bai san da wannan ba, takarda ta tafi. Na fi son gyaran ya zauna a cikin waya, inda ba mai mantawa da shi.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Na kai kawunan kebul ɗin dattijo wurin mai gyaran rediyo na bakin layinmu, tare da guntun kebul ɗin intanet mai jijiya 8, tsawon mita 3. Ƙa'ida ta ce kada a wuce wajen mita 15, mu ko kusa ba mu yi ba. Na zana masa haɗin a bayan takardar rasit, lambar farko ta kwamfuta, ta biyu ta fulota:

2 zuwa 2
3 zuwa 3
5 zuwa 7
6 da 8 a haɗe, zuwa 20
4 zuwa 5 da 6 a haɗe
1 zuwa 4

Layi na huɗu shi ne dalilin zuwan. Na biyun ƙarshe don kowane ɓangare ya ga ɗan uwansa a shirye ne, kuma haka suke a kebul ɗin kamfanin HP mai lamba 24542G.

Ya juya kan mai allura 25 a hannunsa ya ce, "Malam, wannan ai tun na zamanin Shagari ne."

Na ce, "Injiniya, ka canka. Shekararsa ta ƙarshe a mulki aka fito da injin."

Aikinsa ya burge ni. Bai yarda da lambobin da na nuna masa ta fuska ba, ya ce ta bayan da ake liƙa dalma komai a juye yake, hagu ta koma dama. Sai da ya haska fitilar waya ya karanta 'yan lambobin da aka ƙera a jikin robar, ƙanana kamar ƙwayar riɗi, ya ɗiga jan fenti a kan 20. Ya shafa dalma a kowace jijiya da kowane ƙoƙo daban kafin ya haɗa su, taɓawa ɗaya, ba ya daɗewa kada roba ta narke allura ta karkace. Da ya gama ya bi su ɗaya bayan ɗaya da mita, sannan ya sake bi yana neman inda maƙwabta suka taɓa juna.

Talata, 19 ga Nuwamba

Na cire ixon, na sa crtscts, na kashe fulota na kunna don ta manta umarnin Laraba, na tura taswirar nan dai. Na aro tsohuwar mitar Injiniya mai allura na ɗora a kan 20 ta bayan kai. Allurar ta tsaya a dama ɗan lokaci, sai ta faɗi hagu, ta tashi, ta faɗi, tana bin numfashin alƙalami. Duk faɗuwa kwamfuta na tsayawa. Guntun da ke kula da kafar siriyal yana iya riƙe haruffa 16 da suka riga suka kama hanya, amma tunda fulota tun da sauran wurin 80 take ɗaga hannu, suna samun masauki. Zane ya fito ba ko ƙwarzane.

Na ƙara linesort a umarnin vpype, yana jera layuka yadda alƙalami ba zai riƙa yawo a sama daga wannan gefe zuwa wancan ba. Lokacin ya ragu sosai.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Baba ya leƙo bayan la'asar. Yaron ofis ya zana masa wani filan kai tsaye daga manhajar zane ta Inkscape don ya nuna gwaninta. Baba bai ce ya yi kyau ba, bai ce bai yi ba. Ya zaro sikelinsa mai kusurwa uku daga aljihun gaba, wanda lambobinsa suka soma gogewa, ya ɗora a doguwar iyaka ta arewa, ya sauke tabarau kan hanci.

"Kai, layin nan ya gaza."

Yaron ya ce, "Baba, kwamfuta ce fa ta auna."

"Kwamfuta ta taɓa tsayawa gaban mai unguwa ana rigimar iyaka?"

Layin ya kamata ya zama milimita 300, ya fito 298 da rabi. Dalili kuwa shi ne, a harshen HP-GL an saba ɗaukar taku ɗaya a matsayin milimita 0.025, wato taku 40 a milimita, 1016 a inci, kuma da wannan lamba Inkscape ke fitowa domin ita ce daidai ga yawancin injina. Amma takun 7475A milimita 0.02488 ne. Taku 12,000 ke nan sun ba da 298.6 maimakon 300. Gibin bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, mai zanen ado ba zai ma lura ba. Mu kuwa a sikelin 1:1000 wannan ya kusa mita ɗaya da rabi a ƙasa. A fuloti mai ƙafa 50 da 100, gefen mai tsawo yana rasa wajen santimita 15, kaurin bulo mai inci 6 ke nan. Gaskiya ne lambar da aka rubuta a jikin layi ita ce hujja ba abin da rula ta nuna ba, amma magina da rula suke zuwa.

Zanukan da suka bi ta vpype ba su da wannan gibi, tana da lambar daidai a cikinta. A Inkscape muka mayar da 1016 zuwa 1021, aka sake zanawa, sikeli ya zauna a kan 300 ta tsawo da ta faɗi. Baba ya ƙara da sharaɗi ɗaya, kowane filan ya fita da sandar sikeli a zane a ƙasansa, don takarda na miƙewa da damina ta tsuke da rani, sandar kuwa tare suke tafiya.

A nan ne ma muka tantance iyakar filin zanenta a A3: wajen milimita 402 da 275, ba 420 da 297 ba, saboda gefen da tayoyi ke kamawa. Mun gyara firam ɗin ofis ya dace.

Alhamis, 12 ga Disamba

Hunturu ya kankama, haɗi ya daina ba da matsala, saura na jiki. Faifan yana da 'yan huluna na roba da ke rufe bakin alƙalami idan yana hutawa, amma sun tsufa sun sandare, iska na shiga. Da safe sai mun sa kowane alƙalami ya yi ɗan zagaye a gefen takarda kafin ya kama. Na rage gudu da VS10, santimita 10 a daƙiƙa, layi ya fi cika. Da yamma muna cire faifan mu sa a leda da ɗan jiƙaƙƙen auduga.

Ƙura kuma tana cika kaushin tayoyi, takarda ta riƙa zamewa. Gwajin da nake yi shi ne in sa ta ja firam a farkon zane, ta sake jan sa a ƙarshe. In layi biyun suka hau kan juna, lafiya. Ranar Litinin sun rabu da kusan milimita ɗaya a kusurwar ƙasa. Busasshen burushin haƙori a kan masu kaushin, ɗan sifirit a kan na roba, suka koma ɗaya. Mai kuwa ko kusa da su kada ya je.

Sai rubutu. Umarnin LB yana sa ta rubuta da haruffan cikinta, masu tsabta da sauri, muddin ka rufe da harafi mai lamba 3. Yaron ofis ya bar shi sau ɗaya, ta zauna tana rubuta masa sauran umarnin fayil ɗin a takarda, PU da PD da lambobi, har ta kai gefe. Amma Ƙ da Ɗ da Ɓ babu su a cikinta, kuma kwamfuta tana tura kowannensu a matsayin bait 2, wato kamar haruffa biyu, sai ta zana abin da ba shi ba. Taswirar Katsina kuwa ba ta yiwuwa ba Ƙofa: ga Ƙaura, ga Durɓi, ga Ƙofar Soro. Mun koma haruffan Hershey masu layi ɗaya, waɗanda Allen Hershey ya tsara a 1967 don irin waɗannan injina, suna nan cikin Inkscape. Muka zana ƙugiyoyin da kanmu muka ajiye, ana ɗora su a kan K da D da B. Fayil yana ƙara nauyi tunda kowane harafi ya zama layuka, amma yanzu nauyi ba abin tsoro ba ne.

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Makon jiya an ɗauke wuta ana tsakiyar filan mai launi uku. Kwamfuta na kan inbata, fulota ba ta kai. Da wuta ta dawo ta manta inda take, kuma ba ta da idon ganin gefen takarda, yarda kawai take yi cewa ka jingina ta da layin jagora. Ci gaba daga inda aka tsaya ba ya zama daidai, sai sabuwar takarda. Yanzu sitef-dawun ɗin ma yana kan inbata, soket ɗaya da kwamfuta don ƙasarsu ta zama ɗaya. Na manna takarda a bango: ba a cire kebul ko a saka shi sai duka biyun suna kashe.

Na haɗa layin stty da turawar cikin ɗan fayil ɗaya mai suna zana, don kada kowa ya riƙa bugawa da ka.

Inda take da amfani ya fito fili. Filan fuloti ɗaya ko biyu a A3, layi siriri baƙi ƙirin, ta fi firintar ofis kyau nesa ba kusa ba, kuma ba ta neman katirij. Babban shimfiɗin unguwa mai girman A1, ko abin da ke da hoton tauraron ɗan'adam a ƙasansa, ba nata ba ne, har yanzu wurin masu babban inji muke kaiwa. Cike fili da launi ma tana yi amma da layi-layi, yana cin lokaci, yana jiƙa takarda.

Abu biyu suka rage. Na farko, kwamfutar ɗaya teburin ta iya turo zane ta hanyar ssh, manhajar shiga wata kwamfuta daga nesa, zuwa wannan. Na gwada, yana tafiya, sai dai in mutum biyu suka tura lokaci guda haruffansu za su cakuɗe a kafa ɗaya, don haka zan sa umarnin kulle na flock a cikin zana, na biyu ya jira na farko. Na biyu, alƙaluma. Na auna jikin na asali da kalifa na aika wa wani mai injin ɗab'in roba a Kano ya fitar mana da riƙo da zai karɓi bakin alƙalamin zane na kasuwa mai 0.3. Ya ce Alhamis zai ba direba. In sun zo, gwajin farko a kan takardar tiresin ne, da VS5.